Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabanni Da Daraktocin Manyan Kamfanoni: Ku Rarrabe Mana Arzikin Da Kuka Samar Da Wanda Kuka Ɗauke Daga Hannun Wasu

Zuwa ga shugabanni da mambobin majalisun daraktoci na manyan kamfanoni,

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri.

Na zaɓi in rubuto muku wannan wasiƙa a bainar jama'a ne saboda maganar da ke cikinta ta shafi mutane da yawa bayan ku. Wanda yake karɓar albashi daga hannunku, da wanda ya kawo muku kaya yana jiran a biya shi, da wanda kuɗin fanshonsa ke cikin hannayen jarinku, da wanda yake zaune kusa da masana'antarku yana shaƙar iskarta, duk suna da haƙƙin su ji ta. Kowace shekara kuna fitar da rahoto mai kauri, kuma da wuya a samu rahoton da ba a ce a cikinsa kamfani ya samar da arziki ga dukkan masu ruwa da tsaki ba. Na yarda cewa sau da yawa gaskiya ake faɗa. Roƙona shi ne ku rarrabe mana abubuwa biyu da rahotannin nan suke cakuɗawa, wato arzikin da kamfani ya samar wanda da ba don shi ba da babu shi, da kuma kuɗin da kamfani ya ɗauke daga hannun wani ya mayar hannun wani. A ƙarshen shekara dukkansu riba ake kiransu, kuma wanda yake karanta lissafi daga waje ba ya iya bambance su, amma ku da kuke zaune a teburin da ake yanke shawara kun san asalin kowanne.

Bari in fara da lissafin da kuka fi ni sani. A ɗauka kamfani ya sayar da kaya na 100 a shekara, ya kuma kashe 60 wajen sayen ɗanyen kaya da wutar lantarki da sufuri da sauran abubuwan da yake karɓa daga wasu kamfanoni. Ragowar 40 ɗin ita ce abin da masana tattalin arziki ke kira ƙarin daraja, wato abin da aikin wannan kamfani ya ƙara a kan abin da ya saya, kuma idan aka tara irin wannan ƙari na duk masu sana'a a ƙasa, shi ne jimillar abin da ƙasar ta samar a shekarar. Daga cikinsa ake biyan albashi da fansho, a biya banki kuɗin ruwa, a biya gwamnati haraji, a raba wa masu hannun jari nasu, sannan a ajiye saura don sauya injunan da suka tsufa da faɗaɗa aiki. Riba rabo ɗaya ce cikin waɗannan, kuma tana iya hawa ta hanyoyi daban-daban. Tana iya hawa saboda 40 ɗin ya zama 50 bayan an gano dabarar aiki da ta fi ta da, tana iya hawa saboda an rage rabon wani an ƙara wa wani, tana kuma iya hawa saboda an ture wani nauyi waje inda littafin kamfani ba ya kaiwa. Ta farkon ce kaɗai ta cancanci a ce an samar da arziki.

Tarihin masana'antu cike yake da misalan wannan hanya ta farko, kuma ba na so a ɗauka na zo ne don in tauye muku abin da kuka cancanta. Lokacin da kamfanin Ford ya fara sayar da motarsa Model T a 1908, farashinta dala 850 ne. Bayan da aka kafa layin haɗa mota mai tafiya a 1913, inda aiki yake zuwa gaban ma'aikaci maimakon ma'aikaci ya riƙa zagaya mota da kayan aikinsa, lokacin haɗawa ya sauko daga sama da awa 12 zuwa kimanin awa ɗaya da rabi, kuma zuwa 1925 ana samun motar a kan dala 260. Haka nan a watan Afrilun 1956 wani mai kamfanin manyan motocin dako a Amurka, Malcom McLean, ya loda sunduƙan ƙarfe 58 a jirgin ruwa daga Newark zuwa Houston. Kafin wannan, buhu-buhu da akwati-akwati ake lodi, jirgi ya kwashe kwanaki a tasha yana jira, kuma kuɗin lodin tan guda ya kai kusan dala 6. Da kwantena sai ya koma kimanin senti 16. Ma'aikatan tashoshin ruwa da dama sun rasa aikinsu a sanadin haka, kuma wannan asara ce ta gaske da bai kamata a ɓoye ta ba, sai dai duk da ita duniya ta wayi gari tana iya kai kaya nesa da ƙaramin ƙoƙari, abin da ba ta iya ba a jiya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a irin wannan ci gaba shi ne inda amfaninsa yake sauka. William Nordhaus na Jami'ar Yale, wanda ya samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2018, ya yi nazari a 2004 kan harkokin kasuwancin Amurka daga 1948 zuwa 2001, ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 2 cikin 100 kacal na amfanin sababbin ƙirƙire-ƙirƙire ne yake tsayawa a hannun waɗanda suka ƙirƙiro su a matsayin riba, saura kuwa yana tafiya ga masu saye ta hanyar sauƙin farashi da ingancin kaya. Wannan yana nuna cewa mafi girman alherin da babban kamfani ke yi wa jama'a ba ya bayyana a littafinsa ko kaɗan, yana aljihun mai saye ne wanda ya biya ƙasa da abin da zai iya biya. Amma abin da ke tura wannan amfani zuwa ga mai saye ita ce gasa. Idan kamfani ya sayi abokan hamayyarsa ɗaya bayan ɗaya, ko ya haɗa baki da su a kan farashi, ko ya yi amfani da kusancinsa da hukuma ya toshe ƙofa ga sababbin shiga, ribarsa za ta hau ba tare da an ƙara ko ƙwayar kaya ɗaya ba, domin abin da ya kamata ya zauna a hannun mai saye ne ya dawo hannunsa.

Girma kansa yana da amfanin da ƙaramin ɗan kasuwa ba zai iya kawowa ba, kuma shi ne hujjar da ta sa jama'a ke haƙuri da ƙarfinku. Babban kamfani ne yake iya ɗaukar injiniyoyi da masu bincike shekara da shekaru a kan aikin da ba a san ko zai yi nasara ba, sannan ya raba kuɗin wannan bincike a kan miliyoyin kaya har ya zama kowane mai saye ɗan kaɗan ya biya. A 1959 wani injiniyan kamfanin Volvo, Nils Bohlin, ya tsara bel ɗin kujerar mota mai ɗaure ƙirji da ƙugu tare, kuma kamfanin ya bar sauran masu ƙera motoci su yi amfani da tsarin. Rayukan da wannan bel ya ceta ba su taɓa shiga lissafin ribar Volvo ba, amma babu mai shakkar cewa arziki ne aka samar.

Game da ma'aikata, akwai darasi a abin da ya biyo bayan kafa wancan layi na Ford. Aikin ya zama mai gajiyarwa da gundura har mutane suka riƙa ajiye shi suna tafiya, ta yadda a 1913 sai da kamfanin ya ɗauki mutum sama da 50,000 don ya riƙe guraben aiki kimanin 14,000. A watan Janairun 1914 ya ɗaga ladan yini daga dala 2.34 zuwa dala 5, ya kuma rage lokacin aiki daga awa 9 zuwa awa 8. Tsarin ya zo da sharuɗɗa masu nauyi, har da tura jami'ai su binciki yadda ma'aikaci yake tafiyar da gidansa, abin da ba wanda zai amince da shi a yau. Duk da haka sakamakon ya fito fili, domin barin aiki ya ragu ƙwarai, ƙwarewa ta zauna a masana'anta, riba kuma ta ci gaba da hawa. Albashi yana shiga littafinku ne a ɓangaren kashe kuɗi, amma ƙwarewar da ma'aikaci ya tara cikin shekaru ba ta da layi a ko'ina. Saboda haka ranar da aka sallami tsofaffin hannu don a gyara lissafin wata uku, takarda za ta nuna an yi tanadi, kuma babu shafin da zai nuna abin da suka tafi da shi a kawunansu. Sai bayan shekaru, lokacin da injuna suka fara tsayawa kuma kaya suka fara dawowa daga hannun masu saye, sannan ake biyan kuɗin wannan tanadi, kuma a lokacin sau da yawa wanda ya yanke shawarar ya riga ya karɓi tukwicinsa ya koma wani wuri.

Ba na cikin masu kallon mai hannun jari a matsayin mai cin banza. Shi ne na ƙarshe a layin biya, sai an sallami ma'aikaci da mai kawo kaya da banki da gwamnati sannan ya ga abin da ya rage, idan kuma kamfani ya durƙushe jarinsa ne yake fara nutsewa. Kaso mai yawa na hannayen jarinku ma yana hannun asusun fansho ne da kamfanonin inshora, wato kuɗin malamai da ma'aikatan jinya da direbobi da suke tanadi don tsufansu. Asusun da ƙasar Norwe take tara kuɗin man feturinta a ciki shi kaɗai yana riƙe da kimanin kashi 1.5 cikin 100 na hannayen jarin da ake cinikinsu a kasuwannin duniya, kuma don 'yan baya ake tara shi. Muhawara a kan wanda kamfani zai fara yi wa hidima tsohuwa ce. A 1919 kotun ƙolin jihar Michigan ta umarci Henry Ford ya raba wa masu hannun jari sama da dala miliyan 19 bayan ƙarar da 'yan'uwan Dodge, waɗanda suke da hannun jari a kamfaninsa, suka shigar. A 1970 masanin tattalin arziki Milton Friedman ya rubuta cewa nauyin da ke kan kamfani shi ne ya ƙara ribarsa, a 1984 kuma masanin harkokin gudanar da kamfanoni Edward Freeman ya kafa hujjar cewa kamfani ba zai ɗore ba sai ya kula da duk wanda aikinsa ya shafa. Ba sai kun zaɓi ɓangare ba kafin ku amsa roƙona, domin Friedman ɗin kansa ya gindaya sharaɗin cewa a nemi ribar cikin gasa ta gaskiya, ba tare da yaudara ko zamba ba.

Inda na fi ganin ana cakuɗa samarwa da ɗaukewa shi ne wajen mu'amala da masu kawo muku kaya, kuma ina so ku dubi abin daga inda su suke tsaye. Ga mai ƙaramar masana'anta da yake buga muku kwali. Ya sayi takarda da tawada da kuɗi hannu, ko bisa alkawarin biya cikin wata guda, ya biya ma'aikatansa a ƙarshen wata, ya loda kaya ya kai ma'ajiyarku aka ƙirga aka sa hannu. Sai wasiƙa ta zo masa cewa daga yanzu wa'adin biya ya tashi daga kwana 30 zuwa kwana 120, kuma ba za a fara ƙirga kwanakin ba sai ranar da ofishin biya ya amince da takardarsa, wadda kuskuren lamba ɗaya yake isa a dawo masa da ita. Ba shi da ikon ya ƙi, domin rabin cinikinsa a hannunku yake. Sai ya tafi banki ya ci bashi don ya sayi takardar aiki na gaba, kuma banki zai ɗora masa kuɗin ruwa da ya fi wanda zai ɗora muku nesa ba kusa ba, saboda shi ƙarami ne kuma ba shi da jingina mai ƙarfi. Wani lokaci ma sai a ce masa idan yana so a biya shi da wuri, wani banki zai ba shi kuɗinsa yau amma a yanke wani abu. A rahotonku na shekara za a ga tsabar kuɗin kamfani ta ƙaru, a yaba wa sashen kuɗi, a ba shugabansa tukwici. A zahiri kuwa ba a samar da komai ba. An ɗauke bashi ne daga kan wanda yake samunsa da araha an ɗora wa wanda yake samunsa da tsada, don haka idan aka haɗa lissafin kamfanonin biyu, asara aka yi, banki ne kawai ya amfana.

Wannan ba hasashe ba ne. Kamfanin gine-gine da kwangila na Carillion a Birtaniya ya riƙa sa masu kawo masa kaya su jira har kwana 120, tare da irin wancan tsari na karɓar kuɗi da wuri ta hanyar banki. Da ya rushe a watan Janairun 2018, bashin da ke kansa ya kusa fam biliyan 7, tsabar kuɗin da ke hannunsa kuwa fam miliyan 29 ce kawai, kuma kimanin 'yan kwangila da masu kawo kaya 30,000 ne suke bin sa kuɗi. Binciken majalisar dokokin ƙasar ya nuna cewa kamfanin ya ci gaba da ƙara rabon ribar masu hannun jari shekara bayan shekara alhali giɓin asusun fanshon ma'aikatansa yana ta faɗaɗa. Duk wanda ya karanta rahotanninsa na shekarun baya zai ga kamfani mai riba, amma wani sashe na abin da aka raba kuɗin mai kawo kaya ne da na ɗan fansho.

Haka lamarin yake game da yadda kamfanoni ke sake sayen hannayen jarinsu daga kasuwa. Tun da hukumar kula da kasuwar hannayen jari ta Amurka ta sassauta ƙa'idar yin haka a 1982, abin ya bunƙasa har masanin tattalin arziki William Lazonick ya lissafa cewa kamfanoni 449 daga cikin manyan kamfanonin ƙasar sun kashe kashi 54 cikin 100 na ribarsu tsakanin 2003 da 2012 wajen sake sayen hannayen jarinsu, da wani kashi 37 wajen rabon riba. Mayar wa mai jari kuɗinsa ba laifi ba ne idan kamfani ba shi da aikin da ya fi dacewa ya sa kuɗin a ciki, domin mai jarin zai iya kai shi wani wuri da ake buƙatarsa. Damuwata ita ce, sayen yana rage yawan hannayen jari ne kawai, sai ribar kowane hannu ta hau ko da kamfani bai sayar da ƙarin kaya ba, kuma a kan wannan adadi ake auna ladan shugabanni da yawa. Kamfanin Boeing ya kashe kimanin dala biliyan 43 wajen irin wannan saye tsakanin 2013 da 2019. A cikin wannan lokaci ne jiragensa biyu ƙirar 737 MAX suka faɗi, ɗaya a Indonesiya a watan Oktoban 2018, ɗaya a Habasha a watan Maris na 2019, mutum 346 suka rasu. Rahoton kwamitin majalisar wakilan Amurka na 2020 ya ambaci matsin lambar rage kuɗi da cika wa'adi, da kuma ɓoye wa matuƙa bayani game da wata manhajar sarrafa jirgin. Ba na cewa sayen hannayen jari ne ya kayar da jiragen, amma ya nuna cewa kuɗi suna nan, kuma an zaɓi inda za a kai su.

Akwai kuma nauyin da ake turawa waje gaba ɗaya. A watan Satumban 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa kamfanin Volkswagen ya sanya wa motocinsa masu amfani da dizal wata manhaja da take gane lokacin da ake gwaji, sai ta rage hayaƙi, idan kuma mota ta hau titi ta riƙa fitar da iska mai guba har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Motoci kimanin miliyan 11 abin ya shafa a duniya. Kuɗin da kamfanin ya yi tanadi ta wannan hanya huhun mutanen da ba su sayi motar ba ne ya biya, kuma daga baya tara da diyya da gyara sun ci wa kamfanin sama da yuro biliyan 30, wanda ya faɗa kan masu hannun jarin da aka ce don su ake yi.

Mafi ciwo shi ne idan nauyin ya sauka a can ƙarshen sarƙar masu yi muku aiki, inda sunanku ba ya jikin gini. A ranar 24 ga Afrilun 2013 ginin Rana Plaza a Bangaladash ya rufta a kan masu ɗinka tufafin da ake sayarwa a manyan kantunan Turai da Amurka, mutum 1,134 suka mutu. An ga tsagewa a jikin ginin tun kwana guda kafin nan, banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe, amma aka umarci masu ɗinki su koma bakin aiki saboda akwai wa'adin da za a cika. Bayan wannan musiba kamfanoni sama da 200 suka sa hannu a yarjejeniyar duba lafiyar gine-gine da kariya daga gobara, wadda ake iya kai wanda ya saɓa mata gaban masu sasanci, kuma aka gyara masana'antu masu yawa. Gyaran nan mai yiwuwa ne tun kafin ginin ya faɗi. Arahar da aka yi ta morewa a shekarun baya, wani sashenta kuɗin ƙofar gaggawa ne da ginshiƙin da ba a gina ba.

Batun haraji ba ya buƙatar dogon bayani. Tituna da tashoshin ruwa da kotunan da ke tabbatar da kwangilolinku da makarantun da suka koyar da ma'aikatanku, da haraji aka yi su. Idan aka yi ciniki a wata ƙasa sannan aka mayar da ribar wata ƙasa mai ƙaramin haraji ta hanyar kuɗin amfani da tambari ko bashi tsakanin rassan kamfani ɗaya, rabon gwamnati ne aka mayar wa wani. Wannan ne ya sa a watan Oktoban 2021 ƙasashe 136 suka amince da mafi ƙarancin haraji na kashi 15 cikin 100 ga kamfanonin da cinikinsu ya kai yuro miliyan 750 a shekara.

Na san da yawa daga cikinku za su ce an riga an wuce wannan mataki. A watan Agustan 2019 shugabannin manyan kamfanonin Amurka 181 na ƙungiyar Business Roundtable sun sa hannu a sanarwar da ta ce kamfani yana da alkawari ga masu saye da ma'aikata da masu kawo kaya da al'umma da masu hannun jari baki ɗaya. Na yi farin ciki da wannan sanarwa a lokacin da ta fito. Sai dai daga baya malamai biyu na Jami'ar Harvard, Lucian Bebchuk da Roberto Tallarita, sun tuntuɓi kamfanonin suna tambaya ko majalisar daraktoci ce ta amince kafin a sa hannu, kuma cikin kamfanoni 48 da suka amsa, ɗaya ne kawai ya ce an kai maganar gaban majalisarsa. Alkawarin da ya shafi manufar kamfani gaba ɗaya, amma bai bi ta teburin waɗanda doka ta ɗora wa alhakin kamfanin ba, da wuya ya sauya yadda ake raba ko kwabo. Shi ya sa wasiƙar nan take magana da ku daraktoci kai tsaye.

Wasu kuma za su ce wanda aka ce ya yi wa kowa hidima ƙarshenta ba wanda zai iya tuhumarsa, domin duk lokacin da ya gaza sai ya fake da wani ɓangare. Wannan magana tana da nauyi, kuma ita ce dalilin da ya sa ban roƙe ku sababbin alkawura ba, lissafi nake roƙo wanda kowa zai iya dubawa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma babu wani abu a cikin buƙatuna da zai hana kamfani mai aikin kirki cin ribarsa.

Ina roƙon ku sanya a gaban rahotonku na shekara, a shafi guda wanda masu binciken kuɗi daga waje suka tantance, jimillar ƙarin darajar da kamfani ya samar da yadda aka raba ta tsakanin ma'aikata da masu ba da bashi da gwamnati da masu hannun jari da abin da aka mayar cikin aiki, kuma a jera na shekaru goma gefe da gefe don a ga rabon da yake hawa da wanda yake sauka. Wannan ba sabon abu ba ne, domin tun 1975 masana lissafin kuɗi a Birtaniya suka ba da shawarar irin wannan bayani, kuma ƙa'idojin bayar da rahoto na GRI, wata cibiyar ƙasa da ƙasa da ke tsara yadda kamfanoni za su bayyana tasirin aikinsu, suna da sashe a kansa. A ƙarƙashinsa a rubuta matsakaicin kwanakin da mai kawo kaya yake jira daga ranar da ya sauke kaya zuwa ranar da kuɗi suka shiga hannunsa, da yawan ma'aikatan da suka bar aiki, da waɗanda suka ji rauni ko suka rasa rai har da na 'yan kwangila, da harajin da aka biya a kowace ƙasa kusa da cinikin da aka yi a cikinta. Duk waɗannan alƙaluma suna cikin kwamfutocinku tuni, fitar da su ne kawai ba a yi.

Sannan ku sake duba ma'aunin da kuke biyan manyan jami'ai da shi, domin mutum yana bin abin da ake saka masa a kansa ne. Muddin tukwicin shugaba yana rataye da farashin hannun jari na shekara guda, zai ci gaba da ganin jinkirta biyan mai kwali da sallamar ƙwararru a matsayin nasara. Ku tsawaita wa'adin da zai riƙe hannayen jarin da aka ba shi har zuwa bayan ya bar kujera, ku kuma tanadi ikon karɓo tukwici idan ta bayyana cewa ribar da aka gina shi a kanta ba ta da tushe. Ku buɗe hanyar da muryar ma'aikata za ta iso teburinku ba tare da ta bi ta hannun waɗanda ake ƙorafi a kansu ba. A Jamus tun 1976 doka ta ba wakilan ma'aikata rabin kujerun majalisar sa ido a kamfanonin da ma'aikatansu suka haura 2,000, kuma hakan bai hana kamfanonin ƙasar gogayya a kasuwannin duniya ba. A Birtaniya sashe na 172 na dokar kamfanoni ta 2006 ya wajabta wa darakta ya yi la'akari da ma'aikata da masu kawo kaya da muhalli da sakamakon shawararsa na dogon lokaci. Ba dole ne ku jira doka ta tilasta muku ba kafin ku ɗauki abin da ya dace da kamfaninku daga cikin waɗannan.

Ina fatan za ku sanya waɗannan buƙatu cikin ajandar zaman majalisarku na gaba, ku kaɗa ƙuri'a a kan kowace ɗaya, a rubuta a kundin zama wanda ya amince da wanda ya ƙi da dalilinsa, sannan ku kawo sakamakon gaban babban taron masu hannun jari na shekara, inda za mu samu damar yi muku tambaya a kai.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai ƙaramin hannun jari da ke bibiyar rahotanninku.